Tsakanin Hereditary da The Conjuring: Wanne Ya Dace da Kai, Kuma Ra'ayin Wa Za Ka Bi?

Duk wanda ya saba shiga shagunan tura fina-finai a Katsina, tun daga na wajen Ƙofar Ƙaura har zuwa waɗanda ke kewayen manyan makarantu, ya san abin da matashi ke nufi idan ya miƙa wayarsa ya ce a saka masa fim ɗin ban tsoro. Yana son abin da zai sa ya zabura, abokansa su yi masa dariya, a mayar da wurin baya a sake kallo, sannan a ci gaba. Wannan ne ya sa fim irin Hereditary, wanda ya fito a 2018, yake raba kan masu kallo fiye da yadda fina-finan tsoro suka saba yi. Wasu na rantsuwa cewa ba su taɓa kallon abin da ya hana su barci kamarsa ba, wasu kuma na cewa asarar data da lokaci kawai suka yi a kan labarin da ya ƙi motsi. Kowane ɓangare gaskiyar abin da ya ji yake faɗa, amma mai son zaɓe ba zai ƙaru da maganarsu ba sai ya san abin da kowannensu ya je nema. Hanya mafi sauƙi ta gane hakan ita ce a ajiye fim ɗin kusa da The Conjuring na 2013, wanda shi ne ma'aunin da yawancin masu kallo a nan suke auna fim ɗin tsoro da shi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Fina-finan biyu na Amurka ne, kuma dukkansu a kan iyali ɗaya da ke cikin gida ɗaya aka gina su. The Conjuring, wanda James Wan ya ba da umarninsa, minti 112 ne, kuma yana ba da labarin iyalan Perron, mata da miji da 'ya'ya mata biyar, waɗanda suka tare a wani tsohon gidan gona a jihar Rhode Island a 1971, suka fara ganin abubuwan da ba su da bayani, har suka nemi taimakon Ed da Lorraine Warren, ma'auratan da suka yi suna wajen binciken gidajen da ake cewa akwai ƙwanƙwamai a ciki. An kashe kimanin dala miliyan 20 wajen shirya shi, ya kawo fiye da dala miliyan 300. Hereditary kuwa shi ne cikakken fim na farko da Ari Aster ya shirya, tsawonsa minti 127, an ɗauke shi a jihar Utah da kuɗin da bai wuce kimanin dala miliyan 10 ba, ya kuma kawo sama da miliyan 80, abin da ya sa ya zama fim ɗin da ya fi kawo wa A24, kamfanin da ya rarraba shi, kuɗi a wancan lokacin. Labarinsa ya fara ne da sanarwar rasuwar wata tsohuwa, sannan ya bi 'yarta Annie, wadda Toni Collette ta fito a matsayinta, da mijinta Steve, da ɗansu Peter mai shekara 16, da 'yarsu Charlie mai shekara 13, yayin da gidan ke rugujewa sannu a hankali.

Idan aka duba abin da masu sharhin fina-finai suka rubuta, babu tazara mai yawa a tsakaninsu, domin a shafin Rotten Tomatoes kowannensu ya samu yabon fiye da kashi 80 cikin 100 na masu sharhi, Hereditary ma yana ɗan gaba. Inda hanya ta rabu shi ne wajen 'yan kallo. Akwai wani kamfani a Amurka mai suna CinemaScore, wanda aikinsa shi ne tsayawa a ƙofar gidajen sinima a daren farko na fitowar fim, ya raba wa mutane kati su ba fim ɗin maki daga A+ zuwa F. The Conjuring ya samu A-, wanda babban maki ne ga fim ɗin tsoro, tunda irin waɗannan fina-finai ba su cika samun maki mai yawa ba. Hereditary kuwa D+ ya samu. Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan hukunci ne a kan ingancin aikin, amma ya kamata a lura da su wane ne suka ba da makin. Mutane ne da suka biya kuɗin tikiti a daren farko saboda tallan da aka yi musu, kuma tallan ya nuna musu fim ɗin a matsayin ɗaya daga cikin mafiya ban tsoro da aka yi cikin shekaru. Sun shiga suna jiran a firgita su kowane minti goma, sai suka tarar da kansu suna kallon uwa da ɗanta sun kasa haɗa ido a wurin cin abinci. Makin nan yana auna nisan da ke tsakanin abin da aka yi wa mutum alkawari da abin da aka ba shi, kuma ta wannan fuskar gaskiya ya faɗa. Shi ma adadin Rotten Tomatoes yana da nasa gejin, domin yawan masu sharhin da suka ce fim ya yi kyau yake ƙirgawa, bai nuna iya ƙarfin son da suka yi masa ba.

Ƙorafin da aka fi ji a kan Hereditary shi ne cewa babu abin da ke faruwa a sa'arsa ta farko. Ban yarda da wannan ba, amma na fahimci inda ya fito. Abubuwa suna faruwa, sai dai ba a buga musu ganga. Annie sana'arta ita ce ƙera ƙananan gidaje da ɗakuna na kwaikwayo da 'yan mutum-mutumi a ciki, kuma hoton farko na fim ɗin yana kusantar ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan ɗakuna ne a hankali, har ya rikiɗe ya zama ɗakin gaske da mutum ke barci a ciki. Tun daga nan an sanar da mai kallo cewa mutanen gidan nan 'yan tsana ne a hannun wani, amma ba a faɗa masa da baki ba. Cikin gidan ma gina shi aka yi a ɗakin ɗaukar fim, yadda za a iya cire bango a ja kyamara baya, ɗaki ya fito gaba ɗayansa kamar akwati. Akwai wata 'yar ƙara da Charlie ke yi da harshenta a ganɗa, wadda da farko ba ta wuce ɗabi'ar yarinya ba, amma kafin fim ɗin ya yi nisa ƙarar nan kaɗai ta isa ta tsayar da numfashin mutum. Akwai kuma wuraren da wani abu ke tsaye a kusurwar ɗaki mai duhu, kyamara ba ta nuna shi da yatsa ba, kiɗa bai yi tsawa ba, an bar ido ya gano shi da kansa, kuma wanda bai gano ba zai wuce yana cewa bai ga komai ba. Wanda ya kalli fim ɗin yana duba saƙonni a WhatsApp, haƙiƙa fim ɗin da babu abin da ke faruwa a ciki ya kalla.

Bai kamata wannan ya sa a raina The Conjuring ba, kamar yadda wasu masu son nuna ƙwarewa ke yi. Aiki ne na gwani. James Wan ya san yadda ake jan zaren tsoro har ya kusa tsinkewa kafin a sake shi, kuma kashi na farko na fim ɗinsa ma ba gaggawa yake yi ba: kare ya ƙi shiga gida, agogunan gidan duk suna tsayawa da ƙarfe 3:07 na dare, uwar gida tana tashi da tabon da ba ta san inda ta samo shi ba. Wasan ɓuyan da yaran ke yi, inda ake ɗaure wa mai nema ido, masu ɓuya kuma su riƙa tafi don ya bi sautin, an mayar da shi abin da mai kallo ba zai manta ba, alhali babu jini a wurin ko kaɗan. Bambancin shi ne Wan yana biyan bashin da ya ci. Duk lokacin da ya tara maka tsoro, zai ba ka wurin da za ka yi ihu ka huce, sannan ya sake tarawa. Aster kuwa tarawa kawai yake yi, ba ya barin ka huce, kuma nauyin da mai kallo ke ji a ƙirjinsa bayan sa'a ɗaya shi ne wasu ke kira gajiya, wasu kuma ke kira tsoro na gaske.

A ganina, babban abin da ke raba masu kallo na ƙasar Hausa a kan waɗannan fina-finai ba saurin labari ba ne. Maganar taimako ce. The Conjuring ya bi tsarin da muka taso da shi a labaran aljanu da na sammu: masifa ta shigo gida, an rasa yadda za a yi, an nemo masu sani, an fafata, an samu sauƙi. Ko da yake addu'o'in da ke cikinsa na ɗariƙar Katolika ne, da gicciye da ruwan tsarki da neman izinin coci, ƙashin bayan labarin bai bambanta da wanda ake bayarwa a unguwa bayan an yi wa wata ruƙiyya ba, don haka zuciyar mai kallo ta san inda za ta zauna. A tarihin Daura, macijin rijiyar Kusugu ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya iso cikin dare ya sare shi. The Conjuring labarin isowar baƙon ne. Hereditary kuwa labarin mutanen garin ne a sauran kwanaki shida, suna zaune da ƙishirwa kusa da rijiyar, kuma babu Bayajiddan da ke tafe. Mutum ɗaya tak ta miƙo wa Annie hannu a cikin fim ɗin, wata mata mai suna Joan da ta haɗu da ita ta hanyar taron masu juyayin rashi, kuma mai kallo zai gane da kansa irin hannun da ta miƙo. Tambayar da na fi ji daga bakin waɗanda suka kalli fim ɗin a nan ita ce me ya hana mutanen nan neman malami, ko su tara 'yan'uwa. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce ainihin abin tsoron: ba su da kowa.

A nan ne fim ɗin ke taɓa Bahaushe ta inda ba a zata ba. A wurinmu idan aka yi rashi, gida cika yake yi. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, mata na cikin gida, maƙwabta na kawo abinci, mai ta'aziyya na fita wani na shigowa, kuma ko wanda aka yi wa rashin yana son kaɗaici ba zai samu ba. Iyalan Annie kuwa daga maƙabarta suke komawa wani katafaren gida a cikin itatuwa, kowa ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. Annie ma ɓoye wa mijinta take yi cewa tana zuwa taron masu juyayi, ta ce masa sinima za ta. Lokacin da rashi na biyu ya faɗo musu, wanda ya fi na farko muni nesa ba kusa ba, babu wanda ya zaunar da uwa da ɗa ya ce su yafe wa juna, sai aka bar zargi yana ruɓewa a tsakaninsu har ya fashe a wurin cin abinci, a wani fage da mutane da yawa ke ɗauka shi ne mafi ƙarfi a fim ɗin duka, alhali babu aljani ko ɗaya a cikinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Aster ya ɓatar da fiye da rabin fim ɗinsa yana nuna tsagewar bangon kafin ya nuna ƙadangaren. Wanda ƙadangaren ya zo gani dole ya ƙosa.

Akwai kuma wata tambaya da fim ɗin ke riƙe da ita tsawon lokaci, wadda gidaje da yawa a Katsina suka san ɗacinta: abin da ke damun wannan baiwar Allah, iska ce ko ciwon ƙwaƙwalwa? Annie da bakinta ta lissafa tarihin taɓin hankali a danginta, daga mahaifinta zuwa ɗan'uwanta zuwa mahaifiyarta, ita kanta kuma tana tafiya cikin barci. Mijinta likitan ƙwaƙwalwa ne, don haka duk abin da ta ce ta gani, da idon asibiti yake kallonsa. Mai kallo yana tsakiya, kamar dangin da suka rabu biyu, wasu na cewa a kai mara lafiya asibiti, wasu na cewa a kira malami. The Conjuring bai ɓata lokaci a kan wannan ba, tun da wuri ya nuna maka cewa akwai abu a gidan. Hereditary kuwa sai a kashinsa na ƙarshe ya yanke hukunci, kuma a nan ne hatta masoyansa suka rabu. Wasu na ganin ƙarshen ya ɗaure duk zaren da aka saki tun farko, ta yadda kallo na biyu ke bayyana alamomin da aka shuka a ko'ina. Wasu kuma na ganin da ya bar tambayar a buɗe da ya fi ƙarfi, domin da zarar an ba abin suna, rabin tsoron ya tafi. Ni ina ɓangare na biyun, kuma ina ganin mintocin ƙarshe sun yi bayani fiye da kima, amma wannan bai rushe abin da aka gina kafin su ba.

Yanayin kallo yana canza hukunci fiye da yadda ake zato, kuma ra'ayoyin da ake karantawa a intanet yawancinsu na mutanen da suka kalla a sinima ne ko a babban talabijin. Mu a nan mafi yawan kallonmu a waya ne, sau da yawa kwafin da aka matse don kada ya cinye wuri, kuma matsewar nan wuraren duhu take fara lalatawa, su koma baƙin dunƙule. The Conjuring yana jure wannan, domin abin tsoronsa yakan fito fili da ƙara, kuma ko a majalisa ana hira ana shan shayi zai yi aikinsa, hasali ma kallonsa cikin jama'a ya fi daɗi. Hereditary ba ya jurewa. Yana buƙatar kwafi mai kyau, da ɗaki mai duhu, da iyafis a kunne ko lasifika mai kyau, saboda kiɗan da Colin Stetson ya yi masa yawancinsa gurnani ne na ƙasa-ƙasa wanda lasifikar waya ba ta fitar da shi. Yana kuma buƙatar a kalle shi a zama ɗaya, don haka wanda cajinsa bai kai ba, ko yake tsoron a ɗauke wuta a tsakiya, gara ya jinkirta. Wanda ya saba da fassarar Hausa irin wadda mai fassara ke cike kowane shiru da bayani da barkwanci, ya sani cewa salon nan zai iya tafiya da fim mai yawan aukuwa, amma fim ɗin da shirunsa shi ne makaminsa ba zai rayu a ƙarƙashinsa ba. Rubutun fassara a ƙasan hoto ya fi dacewa da shi.

Ta fuskar tarbiyya da aƙida, babu ɗayansu da ya dace da yara, kuma a Amurka ma duka biyun an sa musu alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. The Conjuring ba shi da tsiraici, jininsa kaɗan ne, sai dai yana gabatar da kansa a matsayin labarin gaskiya, alhali masu bincike da dama sun daɗe suna shakkar iƙirarin ma'auratan Warren, kuma ya mai da Lorraine, mace mai da'awar ganin gaibu, jaruma abar yabo. Hereditary bai ce gaskiya yake ba da labari ba, amma yana da hotunan gawa masu tayar da hankali, da shaye-shayen matasa, da tsiraicin da ke bayyana a ƙarshe, da al'amuran tsafi da kiran matattu. Abin da za a ce a madadinsa shi ne bai ƙawata wannan hanya ba: uwar da baƙin ciki ya kai ta neman magana da mamaci, ƙofar halaka ta buɗe wa gidanta, kuma Musulmin da ya san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da wanda ya je wurin ɗan duba, cewa ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba, ba zai ga baƙon darasi a nan ba. Duk da haka, wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, musamman ta ɗa ko ƙani, da wanda ke fama da damuwa ko yawan firgita cikin barci, ina ba shi shawara da gaske ya nisanci Hereditary. Kukan Toni Collette a wani fage na fim ɗin ya yi kama da na gaske fiye da yadda mai sabon rauni zai iya ɗauka.

Game da ra'ayoyin masu kallo kuwa, adadin taurari ba shi ne abin dubawa ba, dalilin da mutum ya bayar shi ne. Idan mai suka ya ce fim ɗin ba shi da ban tsoro kuma ya yi tsawo, ya gaya maka irin tsoron da yake so ne, sai ka tambayi kanka ko irinsa kake so. Idan ya ce ƙarshen bai dace da farkon ba, wannan suka ce ta wanda ya kalla da hankalinsa, kuma ta cancanci a saurare ta. Haka ma yabo: wanda ya ce shi ne fim mafi ban tsoro a duniya illa yake yi maka, domin irin wannan zuzutawar ce ta haifar da D+ ɗin can. Hukuncin farko a kan irin waɗannan fina-finai ma ba ya cika ɗorewa. The Shining na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1980, ra'ayi ya rabu a kansa har aka sa sunan Kubrick cikin jerin waɗanda za a ba kyautar ba'a ta mafi munin mai ba da umarni, amma a 2018 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da fim ɗin cikin rajistar fina-finan da ake adanawa saboda muhimmancinsu.

Saboda haka, idan ku da yawa ne, a waya ko a ƙaramin talabijin, kuna son ku firgita ku yi dariya sannan kowa ya tafi gida ya yi barci, The Conjuring za ku nema, kuma babu abin kunya a wannan zaɓi. Haka ma wanda bai saba da fina-finan tsoro ba, da shi ya kamata ya fara. Idan kuwa kai kaɗai ne ko ku biyu, kana da sa'a biyu da 'yan mintoci da babu mai katse ka, kana jin daɗin wasan kwaikwayo mai nauyi a kan iyali ko da babu aljani a ciki, kuma ka yarda fim ya bar ka da damuwa maimakon sauƙi, to Hereditary ya fi abokin nasa zurfi, kuma shi zan zaɓa. Akwai gwaji mai sauƙi ga mai shakka: ya ba Hereditary minti arba'in na farko ba tare da taɓa waya ba. A cikin wannan lokaci akwai abin da zai faru a kan hanya da dare, sannan kyamara ta tsaya a kan fuskar Peter ta ƙi matsawa. Wanda wannan tsayuwar ta riƙe shi ya ci gaba har ƙarshe, wanda kuma ya ji yana son a wuce wurin ya kashe ya koma wa The Conjuring, domin sauran fim ɗin ma da wannan salon aka yi shi.